Yadda ake buɗe wa sabar da ke kan kwamfutarka hanya har mutanen waje su gan ta

Ka gama haɗa shafinka, ka buga localhost:8000 a burauza, komai ya fito tsaf. Sai ka tura wa abokin aikinka adireshin ya duba maka, can sai ga amsa wai ba abin da ya buɗe. Shafin lafiyarsa ƙalau, wayar abokin naka ma haka. Kalmar localhost da lambar da take wakilta, wato 127.0.0.1, ma'anarsu "wannan na'urar da ke hannuna". Da ya buga, wayarsa a cikin kanta ta shiga laluben shafin.

Tsakanin baƙon da ke waje da sabarka, wato manhajar da ke miƙa shafin ga duk mai nema, akwai shingaye huɗu: manhajar sabar ita kanta, katangar tsaron kwamfutar, rautar da ke raba muku intanet, sai kamfanin da ke ba ku intanet ɗin. Daga ciki ake faro su a yi waje, kuma ba a tsallaka zuwa na gaba sai an gwada na baya an ga ya buɗe. Wanda ya taɓa saituna biyar a lokaci guda, ko abin ya yi aiki ba zai san wanne ne ya gyara ba, ranar da ya lalace kuma sai ya koma lalube cikin duhu.

Fara da sabar: wa take sauraro?

Kowace na'ura tana da ƙofofin sadarwa masu lamba, har zuwa 65535. Masu wannan sana'a port suke ce musu, ni dai ƙofa zan riƙa cewa. Shafin yanar gizo na yau da kullum ta ƙofa 80 yake bi, mai kulle na https kuma ta 443. Manhajojin gwaji sun fi son irin su 3000, 5000 da 8000, domin a Linux ƙofar da ke ƙasa da 1024 sai da izinin shugaban na'ura ake kama ta.

Yawancin manhajojin gwaji da gangan aka saita su su saurari 127.0.0.1 kaɗai, don kada aikin da bai nuna ba ya fita waje. Flask da Django, manhajojin gina shafi da yaren Python, duk haka suke. Ka tabbatar da idonka. A Linux ka buga:

ss -tlnp

A Windows kuma:

netstat -an

Nemo layin da ke ɗauke da lambar ƙofarka. In ka ga 127.0.0.1:8000, to ba mai shiga sai kwamfutar kanta. Abin da kake so ka gani shi ne 0.0.0.0:8000, ma'ana duk ta inda saƙo ya ɓullo a karɓa. Ga mai Flask:

flask run --host=0.0.0.0 --port=8000

Ga mai Django:

python manage.py runserver 0.0.0.0:8000

Django yana da wani ƙarin sharaɗi. Sai ka sa adireshin ko sunan da za a riƙa kiran shafin da shi a cikin ALLOWED_HOSTS, in ba haka ba ya kori baƙon da kuskure mai lamba 400. Apache da Nginx kuwa, manhajojin saba na zaman dindindin, a saitinsu na asali sukan saurari kowa ta ƙofa 80, ba sai ka taɓa komai ba.

Gwaji na farko da wayarka

Yanzu ka nemo adireshin kwamfutarka na cikin gida. A Windows ipconfig ne, ka duba layin IPv4. A Linux hostname -I ya wadatar. Za ka ga wani abu kamar 192.168.1.20. Ɗauki wayarka, ka tabbatar tana kan Wi-Fi ɗaya da kwamfutar, ka buga http://192.168.1.20:8000, da http ɗin a gaba, saboda wasu burauzoji in an bar su da kansu https suke fara nema.

In bai buɗe ba, kar ka rufe shafin kuskuren da sauri, karanta shi. Kurakurai biyu ne za ka yi ta cin karo da su har ƙarshen aikin nan, kuma kowanne da inda yake nuna maka. ERR_CONNECTION_REFUSED na nufin saƙon ya isa kwamfutar amma ba wanda ke tsaye a ƙofar, ke nan saba ba ta tashi ba, ko lambar ƙofa ce ba daidai ba, ko har yanzu 127.0.0.1 take sauraro. Idan kuwa burauza ta yi ta juyi ta gaji sannan ta ce ERR_CONNECTION_TIMED_OUT, wani ne ya haɗiye saƙon a hanya bai ce uffan ba. A wannan mataki kusan kullum katangar tsaro ce.

A Ubuntu da 'yan uwanta:

sudo ufw allow 8000/tcp

A Windows ka buɗe Windows Defender Firewall, ka shiga saitunan ci gaba, ka ƙirƙiri sabuwar dokar shigowa ta TCP mai lambar ƙofarka. Ka kuma duba yadda Windows ta ɗauki Wi-Fi ɗin naka, don in ta lissafa shi a matsayin na jama'a takan tsaurara, dokar da ka yi wa na gida ba za ta yi aiki a kansa ba. Wasu kan kashe katangar gaba ɗaya su huta. Don gwajin minti ɗaya ba laifi, matsalar ita ce ba a cika tunawa a mayar ba.

Kafin ka taɓa rauta, ka tabbatar kana da adireshin waje

A nan ne mutane suka fi ɓata dare a banza, ni ma na ɓata nawa. Na taɓa zama tun bayan isha har wajen ƙarfe biyu ina gogewa ina sake rubuta doka ɗaya a rauta, ina kashe ta ina kunnawa, har na fara zargin na'urar ce ta tsufa. Ashe dokar daidai take tun rubutun farko. Kamfanin intanet ɗin ne bai ba ni adireshin waje nawa na kaina ba, kuma duba na minti biyu ya isa ya nuna mini haka.

Ga yadda abin yake. Adireshin IPv4, wato irin mai lambobi huɗu ɗin nan da muke ta gani, duka-duka kimanin biliyan 4.3 ne, kuma babbar ma'ajiyarsu ta duniya ta raba na ƙarshe a watan Fabrairun 2011. Tun kafin nan aka ware wasu jeri don amfanin cikin gida kawai: duk wanda ya fara da 10, da wanda ya fara da 192.168, da na 172.16 zuwa 172.31. Waɗannan ba sa yawo a intanet, miliyoyin gidaje suna da 192.168.1.20 irin naka. Rautarka ce ke riƙe da adireshi guda na waje, ita ce mai gadin gidan. In wayarka ta aika neman shafi, rauta ta rubuta a littafinta, amsa ta dawo ta miƙa wa mai ita. In kuwa baƙo ya ƙwanƙwasa daga waje ba wanda ya kira shi, mai gadi bai san ɗakin da zai kai shi ba, sai ya yi banza da shi. Wannan tsari shi ake kira NAT.

Da adireshi ya ƙara wuya, kamfanoni da yawa, musamman masu ba da intanet ta layin waya, suka ƙara wani mai gadin a gaban naka, suka haɗa ɗimbin masu saye a kan adireshin waje guda. Sunansa CGNAT, har jeri aka ware masa a 2012, daga 100.64.0.0 zuwa 100.127.255.255. Wannan mai gadin na biyu ba yaronka ba ne, ba ka da ikon ba shi umarni.

To ka duba. Shiga shafin saitin rautarka, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. In ba ka sani ba, layin Default Gateway na ipconfig zai gaya maka, ko ip route a Linux. Nemo inda aka rubuta WAN ko Internet, ka kwafe adireshin da ke wurin. Sannan a kwamfutar ka buga:

curl -4 ifconfig.me

Wannan shi ne adireshin da duniya ke ganinka da shi. In su biyun sun zo ɗaya, madalla, ci gaba. In na rauta ya faɗa cikin jerin 100.64 ɗin nan, kana bayan CGNAT, ko dai ka roƙi kamfanin ya ba ka adireshin waje, wasu suna bayarwa da ƙarin kuɗi, ko ka tsallaka zuwa maganar bututu a ƙasa. In kuma ya fara da 192.168 ko 10, ka leƙa ko akwai na'urori biyu a jere, akwatin kamfani sannan rautarka a bayansa. In haka ne, sai ka mayar da akwatin kamfani gada kawai, a saiti Bridge suke rubutawa, ko ka yi dokar tura ƙofa, wato mai gaya wa mai gadi ɗakin da zai kai baƙo, a kan kowannensu. In na'ura ɗaya ce tilo amma ga adireshin cikin gida a WAN, to kamfanin ne, wasu da jerin 10 suke yin CGNAT ɗinsu.

Dokar tura ƙofa

Abu ɗaya tukuna. Rauta aron adireshi take ba na'urori, yau kwamfutarka 192.168.1.20 ce, gobe bayan an ɗauke wuta an dawo da ita ta iya zama 192.168.1.23, dokarka kuma ta ci gaba da tura baƙi wurin da ba kowa. A sashen DHCP za ka ga wurin keɓe adireshi, Address Reservation ko Static Lease. Zaɓi kwamfutarka, ka ɗaure mata lamba ɗaya. Ka lura, katin Wi-Fi da na kebul kowanne da lambar MAC tasa, wadda rauta ke gane shi da ita, don haka ka ɗaure wanda sabar za ta zauna a kai. Kebul ya fi.

Sai dokar kanta. Sunan wurin ya bambanta daga rauta zuwa rauta: Port Forwarding, Virtual Server, wani lokaci a ƙarƙashin NAT. Abin da za a cike dai kusan ɗaya ne: ƙofar waje, adireshin ciki, ƙofar ciki, da nau'in sadarwa. Misali ƙofar waje 80, adireshi 192.168.1.20, ƙofar ciki 8000, nau'i TCP. Ba dole lambobin biyu su zama ɗaya ba, kuma wannan yana da amfani, tunda baƙo zai shigo ta 80 ba sai ya rubuta lamba a bayan adireshi ba, kai kuma sabarka tana zaune a 8000 ɗinta. Ajiye, ka tabbatar dokar a kunne take, don wasu rautoci sai an sa mata alama daban.

Kusa da wurin za ka ga wani abu wai DMZ, ka sa adireshi ɗaya kawai komai ya wuce. Kar ka taɓa. Duk ƙofofin kwamfutarka yake buɗewa waje, har waɗanda ba ka san suna buɗe ba.

Yanzu gwaji, kuma daga waje na gaske. Kashe Wi-Fi a wayarka, kunna data, ka buga http:// da adireshin wajen. Mutane da yawa sukan gwada suna zaune kan Wi-Fi ɗin gidan, ya ƙi, ko shafin shiga rauta ya fito musu, su ɗauka sun yi kuskure. Rautoci da dama ba su iya fita su juyo su dawo ta ƙofarsu ba, ba alamar komai ba ce. In da data ma ya ƙi, ka canza ƙofar waje zuwa 8080 ka buga adireshin da :8080 a ƙarshe. Ya buɗe? To kamfaninka ne ya toshe 80, wasu suna yi wa layukan gida haka, wasu ma a yarjejeniyarsu sun hana ajiye saba, ya kamata ka karanta taka.

Suna da kulle

Adireshin waje na gida shi ma ba tsayayye ba ne, kamfani na iya canza shi duk sanda ya ga dama. Maganinsa DDNS: ka yi rajistar suna, wata 'yar manhaja a rauta ko a kwamfuta ta riƙa sanar da sabon adireshi duk lokacin da ya sauya. DuckDNS kyauta ne. No-IP ma yana da na kyauta, sai dai duk kwana 30 sai ka tabbatar musu kana nan. Rautoci da yawa suna da sashen DDNS a ciki, in taka tana da shi ka yi a can, tunda ita ba ta barci.

Da suna ya samu, sai https. Muddin akwai wurin da ake rubuta kalmar sirri a shafinka, wannan ba zaɓi ba ne. Hukumar Let's Encrypt ta fara ba da takardun shaidar da https ke buƙata kyauta a 2015, masu gajeren wa'adi, kwana 90 aka saba, don haka dole sabuntawa ta zama mai yin kanta. Da Nginx ko Apache, Certbot ake amfani da shi. Ni dai ga mai farawa Caddy, wata manhajar saba irin su Nginx, nake zaɓa masa, saboda duka saitin bai wuce wannan ba:

shafinka.duckdns.org {
    reverse_proxy localhost:8000
}

Shi zai nemo takardar, shi zai sabunta ta. Abin da yake buƙata a wurinka, ka gyara dokokin rauta su zama 80 zuwa 80 da 443 zuwa 443, ka buɗe su a katangar tsaro, ka rufe 8000. Daga nan kuma ka mayar da manhajarka ta koma sauraron 127.0.0.1 yadda take da farko. Caddy ne kaɗai zai fuskanci waje, ita tana daga ciki.

In ba adireshin waje: bututu

Dabarar bututu ita ce, tunda mai gadi ba ya hana fita, kwamfutarka ce za ta fita ta kama hannun wata saba da ke waje, ta riƙe. Baƙi su zo wurin waccan, ita kuma ta zuro su ta hanyar da aka riga aka buɗe. Ba ruwanka da rauta, ba ruwanka da CGNAT, ko 0.0.0.0 ma ba ka buƙata.

Mafi sauri, ka sauke cloudflared na Cloudflare ka buga:

cloudflared tunnel --url http://localhost:8000

Cikin 'yan daƙiƙoƙi zai ba ka wani dogon adireshi mai ƙarewa da trycloudflare.com, da https ɗinsa, ko rajista ba sai ka yi ba. Kana rufe shi adireshin ya mutu, in ka sake kunnawa sabo za a ba ka. Mai son na dindindin sai ya yi rajista ya haɗa da sunan yankinsa. ngrok ma haka yake aiki, ngrok http 8000, amma shi sai ka buɗe asusu ka saka lambar shaidar da za su ba ka. Ka sani dai duk abin da ke shiga da fita ta hannun kamfanin yake bi.

Wanda ke da sabar haya a waje yana iya haƙa nasa da SSH, hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa:

ssh -N -R 8080:localhost:8000 suna@adireshin-sabar

Ƙofa 8080 ta can ta zama bakin bututun. A saitin asali sabar hayar ce kaɗai ke ganin ta, kuma hakan ya yi, sai ka sa Caddy a can ya riƙa turawa localhost:8080. In layi ya yanke bututun ya rufe, autossh ne ke sake haɗawa.

Gaskiya in don ka nuna wa mutum ɗaya aiki na awa guda ne, ko kana da adireshin waje ban ga dalilin taɓa rauta ba, bututu ya ishe ka. In kuma kai kaɗai ne ke son isa ga sabarka daga tafiya, kar ma ka buɗe wa duniya. Sa Tailscale ko WireGuard a kwamfutar da wayar, su ga juna kamar suna ɗaki ɗaya.

Akwai kuma IPv6, sabon tsarin adireshi mai yalwar lambobi. In kamfaninka yana bayarwa, kwamfutarka tana da adireshin waje nata na kanta, ba NAT, abin yi kawai a buɗe ƙofar a katangar IPv6 ta rauta, a sa adireshin a rajistar AAAA ta sunan, wadda ke haɗa suna da adireshin IPv6. Cikas ɗin shi ne baƙon da layinsa bai da IPv6 ba zai iso ba.

Baƙin da ba ka gayyata ba

Kar ka ce ai ba wanda ya san adireshina. Akwai na'urori da ba su da aiki sai bin adireshin IPv4 ɗaya bayan ɗaya suna taɓa ƙofofi, har da injin bincike irin Shodan mai tara abin da aka samu a buɗe. Bar sabarka ta kwana, da safe ka buɗe kundin shige da ficenta, a Nginx /var/log/nginx/access.log. Za ka ga layi bayan layi na masu neman /wp-login.php, da /.env, da /phpmyadmin, alhali kai ko WordPress ba ka da shi. Ba kai suke nema ba, duk wanda ya yi sakaci suke nema.

Saboda haka kafin ka buɗe, kashe yanayin gyaran kuskure. Django mai DEBUG = True yana zazzage wa baƙo cikin saitunanka duk sanda shafi ya faɗi, na Flask kuwa har wurin buga umarni yake da shi a cikin burauza. Su kansu masu waɗannan manhajoji sun ce sabar gwaji ba ta zaman dindindin ba ce, in abin zai daɗe ka koma irin Gunicorn, sabar Python ta zaman dindindin, a bayan Caddy ko Nginx. In python3 -m http.server ka tayar, ka tuna duk abin da ke cikin jakar da ka buga umarnin yake bajewa, don haka kar ka kuskura ka buga shi a babbar jakarka. XAMPP ma, ƙunshin da ke zuwa da Apache da rumbun bayanai, don gwaji aka yi shi, ba a fitar da shi waje yadda ya zo.

Ƙofar rumbun bayanai, 3306 ta MySQL ko 5432 ta PostgreSQL, ba ta da abin yi a dokokin rauta, haka ma 3389 ta sarrafa Windows daga nesa. In dole sai ka buɗe 22 don SSH, ka hana shiga da kalmar sirri, mabuɗi kawai, ka ƙara da fail2ban ya riƙa korar masu nacin gwadawa. Kalmar sirrin rautar ita kanta, in har yanzu wadda ta zo da ita ce, canza ta tun kana cikin shafin. In da hali, ka ware wa aikin tsohuwar kwamfuta ko 'yar ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi, maimakon wadda hotunanka da takardunka ke ciki.

Sai ƙananan abubuwa masu sa a yi ta kiranka ana cewa shafi ya mutu. Kwamfutar tafi-da-gidanka tana barci da an rufe murfinta, ka hana ta a saitin wuta. Ka sa sabar ta riƙa tashi da kanta in na'ura ta sake kunnuwa, a Linux systemctl enable ke yin wannan. Saurin da baƙi za su samu kuma saurin aikawar layinka ne, wanda a yawancin layukan gida bai kai na saukewa ba, manyan hotuna da bidiyo za su ja ƙafa.

Ranar da ka gama da shafin, ka koma rauta ka goge dokar, ka cire ta katangar tsaro da sudo ufw delete allow 80/tcp, haka ma 443, sannan ka kashe Wi-Fi a waya ka sake buga adireshin da data, ka ga da idonka ya ƙi buɗewa.